'Yan Filifin da nake tuƙawa sun kafa ƙungiya, suna son yin aiki a Aboabo. In shigo da su?

Baban Sadiya (Aboabo, Kumasi):

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zama da 'yan Filifin, ko a ƙasashen Larabawa ko a nan Tema da Takoradi.

Ni direba ne a wani kamfani mai gyaran manyan injinan haƙar zinariya a wajejen Obuasi. Aikina in kwashi kanikawa daga gidan da aka kama musu a nan Kumasi in kai su bakin aiki, in an tashi in maido su. Mafi yawansu 'yan Filifin ne. Wanda kuke fita da shi tun asuba kullum, ko ba ka so sai kun saba. Ba su da girman kai, ga barkwanci, amma da zarar an sa hannu a inji ba mai ɗaga kai.

Kwanakin baya na lura wasunsu sun fara sa riga iri ɗaya ran Lahadi, da haruffan Girkanci uku a ƙirji, kuma in sun haɗu akwai wata musafaha da suke yi wadda ba irin tamu ba. Na tambayi babbansu, wani mai furfura da muke kira Masta. Ya ce ƙungiyarsu ce tun ta jami'a, ta 'yan'uwantaka, da rantsuwa ake shiga kuma ba a fita. Da suka duba suka ga sun kai goma sha wani abu a Ghana, wasu a nan, wasu a Tarkwa, biyu a Tema, sai suka rubuta wa uwar ƙungiya a Manila aka ba su izinin buɗe reshe. Sun riga sun zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji. Ba zan rubuta sunan ƙungiyar a nan ba tunda ban nemi izininsu ba.

Ran nan na kai mutanen Tarkwa gidan don taro, na zauna a baranda zan jira, suka ce ai ba a yi haka ba, in shigo. Abin da na gani shi ya hana ni sakat. Ma'ajin ya miƙe da littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango, ya karanto sunan kowa da abin da ya biya, sannan abin da ya fita, har kuɗin ledar piyawata da aka saya a taron baya. Kafin ya zauna ya ɗauki hoton shafin ya jefa a zaurensu na WhatsApp. Duk wanda ya makara akwai faranti a bakin ƙofa, sai ya ajiye sidi goma kafin ya sami kujera. Shugaban da kansa ya makara, ya ajiye nasa ana yi masa ihu. Daga nan gardama ta kaure da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na ga jijiyar wuya a tashe. Aka ɗaga hannu aka ƙirga. Wanda ya sha kaye ya ɗaure fuska, ba a jima ba sai ga shi riƙe da makirfo yana rera waƙa yana rufe ido. Naman alade suke ci, amma sabuwar tukunya suka saya suka dafa mana kaza daban, ni da wani ɗan'uwansu Musulmi daga Mindanawo wanda muke zuwa Juma'a tare a babban masallaci.

To ga inda maganar take. A dokarsu sabon reshe sai ya yi wa mutanen inda yake zaune wani aikin taimako. Suka ce tunda ni suka sani, a unguwarmu suke so su fara. Abu uku suka kawo: ko a shirya ranar ba da jini, ko a yashe kwata, ko a raba wa marayu shinkafa da mai. Suna so in kai su wajen manya.

Na faɗa wa Maman Sadiya, kafin in rufe baki ta ce, "Rantsuwa da gaisuwar ɓoye? Wannan ai loji ne, ƙungiyar asiri. In mutane suka ce ka kawo 'yan ƙungiyar asiri, su dai kwangilarsu za ta ƙare su hau jirgi, kai ne za ka zauna da sunan." Ban iya ce mata komai ba, don gaskiya ta faɗa. Shin akwai wanda ya san irin waɗannan ƙungiyoyi ciki da bai? In shigo da su ko in lallaɓa in zame?

Tambaya ta biyu kuma ta cikin gida ce. Bes ɗinmu, wato majalisar da muke zaman hira a unguwa, mun fi mutum arba'in. Mun ɗinka riga, mun buga kalanda, mun taɓa buɗe asusun taimako. Yau ba wanda zai iya gaya maka ko sisi nawa ya rage a ciki, kuma in ka tambaya an ce ka raina manya. Me waɗannan suke da shi da ba mu da shi?

Ɗan Doha (Sawaba):

Wa alaikumus salam. Yaya, ka shigo da su, ni dai ra'ayina ke nan.

Na yi aikin gini a Katar, masaukinmu yana Sana'iyya, bangon ɗakinmu ɗaya da nasu. Irin waɗannan riguna masu haruffa na gan su kala-kala. Ran Juma'a da ba aiki, mu muna kwance muna latsa waya, su sun zana fili sun kafa gasar ƙwallon kwando, da alƙalin wasa da usur da komai, kuma kowace tawaga sai ta biya kuɗin shiga, kuɗin nan asusu yake tafiya. In sabon mutum zai sauka daga garinsu, tun kafin jirgi ya taso an san wanda zai tarbe shi da layin waya da bargo. Tun watan Satumba suke fara cika wasu manyan kwalaye da sabulu da takalma da cakulan don su isa gida kafin Kirsimeti, kuma wanda aka kora daga aiki ko bai samu albashi ba, sai ka ga kowa ya jefa wani abu a nasa kwalin don kada 'ya'yansa su ga babu.

Abin da ba zan manta ba shi ne mutuwa. Wani nasu ya kwanta bai tashi ba. Kafin dare takarda ta zagaya, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya bayar a gaban kowa. Mutum biyu suka ɗauki hutu suna bin ofishin jakadanci da asibiti. Mu kuma da wani yaro ɗan arewacin Ghana ya rasu, wallahi mun tara kuɗi, ba za a ce ba mu da tausayi ba, amma sai da aka yi kwanaki ana jan magana a kan wa zai riƙe. Wannan ya ce kar a ba wancan, wancan ya ce shi ba za a nuna masa yatsa ba. Gawa tana firji muna nan muna musu.

Sai dai kada ka ɗauka zuciyarsu ce ta fi tamu kyau. Sun daɗe a harkar ne. Tun 1974, zamanin shugabansu Marcos, gwamnatinsu ta mai da tura ma'aikata waje tsari na hukuma. Akwai hukumar da ake kira OWWA, ma'aikaci yana biyan dala 25 na shekara biyu, in ya mutu ko ya maƙale su ke da alhakin taimaka masa ko iyalinsa. A ƙarshen 2021 ma suka yi dokar kafa ma'aikata sukutum ta 'yan ci-rani. Kuɗin da suke aikawa gida a shekara ya haura dala biliyan 30. Wanda kakansa ya yi Saudiyya, ubansa ya yi aikin jirgin ruwa, shi ya zo Obuasi, ai ya gaji sanin abin da ake yi in an tsinci kai a ƙasar mutane. Mu da 'yan matanmu suka yi ta shan wahala a gidajen Larabawa, abin da gwamnati ta yi a 2017 shi ne ta hana bizar aikatau, sai tafiyar ta koma ta bayan gida.

Kuma su ma suna da ɓangaranci, kar a ruɗe ka. Mai jin Ilokano yana jan nasa, mai jin Bisaya yana jan nasa, kuma masu riguna daban-daban ba koyaushe suke ga-maciji ba. Amma aikin taimako dai na ga sun yi, ban taɓa ganin sun nemi wani ya bar addininsa ba.

Tica (Nima, Akra):

Ɗan Doha ya faɗi gefe ɗaya, bari in faɗi ɗayan, don Baban Sadiya ya san abin da zai ɗauka a ka.

Waɗannan ƙungiyoyi daga Amurka aka kwaso salonsu, lokacin da Amurka ke mulkin Filifin. Mafi tsufa a can ita ce Upsilon Sigma Phi, an kafa ta a Jami'ar Filifin a 1918. Ferdinand Marcos ɗanta ne, haka ma babban abokin hamayyarsa Benigno Aquino, wanda aka harbe a filin jirgin Manila a 1983 Marcos yana kan mulki. Rantsuwa ɗaya suka yi, ba ta hana ɗaya ya ɗaure ɗaya shekaru ba. Akwai Alpha Phi Omega, wadda aka fara a Kwalejin Lafayette ta jihar Pennsylvania a 1925, tushenta 'yan sikawut ne, ta shiga Manila a 1950, kuma ita tun asali jagoranci da abota da hidima ta sa a gaba. Akwai Tau Gamma Phi ta 1968, da Alpha Kappa Rho ta 1973, waɗannan biyun sun bazu har cikin unguwanni, ba jami'a kaɗai ba. Duk inda 'yan Filifin suka taru a waje za ka samu rassan irin waɗannan.

Ba ƙungiyoyin tsafi ba ne, wannan ka kwantar wa Maman Sadiya da hankali. Matsalarsu wata ce daban, kuma su da kansu sun san ta: dukan shiga. A wurare da yawa kafin a karɓi yaro sai an rufe masa ido an yi ta zabga masa wani faffaɗan katako a bayan cinya. A 1991 wani ɗalibin lauya ya mutu a haka, shi ya jawo dokar 1995. Ba ta hana ba. A 2017 wani ɗalibin lauya ya sake mutuwa a Manila, aka yi sabuwar doka a 2018 da ta haramta abin gaba ɗaya, in rai ya salwanta akwai ɗauri mafi tsanani da tarar peso miliyan 3. Sai a 2024 kotu ta yanke wa mutum goma hukunci a kan wannan mutuwar, kuma kafin nan a 2023 an sake tono gawar wani ɗalibi da aka kashe ta wannan hanya. Ban ce mutanenka suna ciki ba. Na ce dai haɗin kan da ya burge ka, a wasu wurare da bulala aka gina shi.

Mu ma ai mun san yadda abu mai kyau ke juyewa. Ƙungiyar farko ta irin wannan a Najeriya ɗalibai bakwai ne suka kafa ta a Ibadan a 1952 da niyyar yaƙi da ƙabilanci da girman kai. Dubi abin da ƙungiyoyin da suka biyo baya suka zama a jami'o'in can. Ko nan gida, bes nawa ne aka fara da shan ataya da taimakon juna ran suna da ran biki, ɗan siyasa ya zo da babura da 'yan kuɗi, aka wayi gari yaranmu ne majiya ƙarfin jam'iyya? Sai da aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 kafin majalisa ta yi dokar haramta 'yan banga na siyasa a wannan shekarar. Mu a Nima da Mamobi mun san gidajen da abin ya taɓa.

Don haka kafin ka kai su gaban kowa, ka zaunar da Masta ka tambaye shi ido da ido. Za su ɗebi yaranmu su sa a ƙungiyar, ko reshen na tsofaffin ɗalibai ne kawai? In ana shiga, yaya ake shiga? Ya ba ka rantsuwar a rubuce, ka kai wa limaminku ya karanta ko a fassara masa. In ya ce sirri ce ba a nunawa, to ka samu amsarka ba sai ka sake tambayar kowa ba. Kuma in nan gaba za su riƙa karɓar gudummawa daga hannun jama'a da sunan ƙungiya, su je ofishin rajistar kamfanoni su yi rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, a san wa za a kama in an nemi kuɗi an rasa.

Ɗan Doha (Sawaba):

Tica, duk abin da ka faɗa haka ne, na ga tabon a cinyar wani da idona. Amma mutanen nan magidanta ne masu jikoki, kwata suka ce za su yashe, ba yaƙi suka zo ba.

Anti Nas (Asawase):

Ƙanena, ni a kan jini kawai zan yi magana, don shi ne aikina.

Don Allah kada ka bari aikinsu na farko a Zongo ya zama karɓar jini. Ka tsaya ka hango abin: baƙi farare-farare, riga iri ɗaya mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, gaisuwar da ba a gane ba, sun kafa rumfa a Aboabo suna cika leda da jinin mutane. Kafin azahar labari ya kai Sawaba cewa 'yan sakawa, masu damfarar intanet da tsafin kuɗi, sun zo sayen jini, kafin la'asar an ce kai ne dillali. Mu da muke zuwa da farar riga da motar asibiti ma sai mun sha bayani, wata tsohuwa ta taɓa riƙe min hannu tana tambayata ina muke kai shi da daddare.

Ba wai ba a bukata ba. Ana bukata ƙwarai. Mafi yawan lokaci in mace ta zubar da jini wajen haihuwa, dangi ake cewa su nemo wanda zai mayar da abin da aka ƙara mata, sai ka ga miji yana zagaye yana kiran waya cikin dare. Masu bayarwa don Allah yawancinsu 'yan sakandare ne, da an yi hutu jinin da ke firji ya yi ƙaranci. In mutanenka da gaske suke, su hau motarka ka kai su ma'ajiyar jini ta asibitin Komfo Anokye su miƙa nasu hannun. Za a duba nauyi, sai mutum ya kai kilo 50, a duba ƙarfin jininsa da hawan jini, a tambaye shi ko ya yi zazzaɓi kwanan nan. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, bayan wata huɗu mutum ya sake dawowa. In suka yi haka sau biyu sau uku, kai da 'yan bes ɗinku kuka bi su, to ranar da za a kawo rumfa unguwa ma'aikatan asibiti ne za su kafa ta, liman ya yi sanarwa, ba wanda zai ce uffan.

Shinkafar marayu kuwa, in za a jera yara a rana a ɗora musu buhu a kai ana ɗaukar hoto don a aika Manila, a bar ta. Yaran nan suna girma, hoton ba ya gogewa a Facebook. In suna son bayarwa su ba magajiyar mata, ta san ƙofar da ake shiga da dare ba tare da maƙwabta sun gani ba.

Alhaji Mai Goro (Alabar):

Ɗana Baban Sadiya, jikana ne ya karanto min maganarka, shi ke rubuta wannan.

Baƙo ya ce zai yi alheri a Zongo har ana tambaya ko a karɓe shi? Mu su wane ne a garin nan? Kakanninmu fatake ne, goro ya kawo su Gwanja, da Salaga ta watse da yaƙin 1892 suka bazu, wasu Kete-Karachi, wasu nan, wasu bakin teku. Duk wanda ya sauka, maigida yake nema. Maigida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa in an yi ciniki, in ya yi laifi maigidan ake kira. Abin da waɗannan mutane suka roƙe ka ke nan ko ba su san sunansa ba: ka zama maigidansu. Nauyi ne, shi ya sa maganar Tica ta zama dole, maigida ba ya tsaya wa wanda bai bincika ba. Amma ba abin gudu ba ne. Ina yaro a 1969 aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar nan. Na ga maƙwabtanmu suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin banza, na ga manyan motoci cike da mutanen da aka haifa a nan. Wanda ya ga wannan ba ya yi wa baƙo kallon banza.

Batun addini kuma, Babban Limamin ƙasa Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu da ƙafarsa ya shiga cocin Christ the King a Akra a 2019, yana cika shekara 100. Kai da za ka kawo Kirista ya yashe kwata ba ka yi abin da ya kai wannan ba.

Sai dai ka bi hanya. Kada ka tsallake ka tafi fadar Sarkin Zongo kai tsaye. Fara da limamin masallacinku, shi zai haɗa ka da mai unguwa, a kira ɗan asambuli, wato kansilan unguwa, a sanar da magajiya. Ka riƙe goro, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da Musulmin nan nasu ya yi sallama, amma ka faɗa a fili cewa sauran Kiristoci ne, kada a ji daga baya a bakin wani.

Abu ɗaya da ban ji kowa ya faɗa ba. Kwata yaranmu suna da ƙarfin yashe ta, rashin niyya ne. Shinkafa Alhazai suna rabawa da azumi. Mutanen nan me ke hannunsu da babu a namu? Ka ce injin da ya fi ɗaki girma suke kwancewa su ɗaure. Yaranmu nawa ne a Suame Magazin, unguwar garejin motoci, suna koyon fita, wato kanikanci, shekara da shekaru suna wanke sifana, in an kawo mota mai kwamfuta masta ma sai ya tsaya yana kallo? Famfunan burtsatse nawa ne suka mutu a masallatan unguwa an rasa mai dubawa? Ka ce musu abin da muke so ke nan. In sun ƙi, sun fi son abin da ake gamawa rana ɗaya a ɗauki hoto, ka gane inda suka dosa.

Bes ɗinku kuwa ba sai an je Filifin ba. Na zauna a ƙungiyar 'yan goro tun kafin a haife ka. Mu kullum wanda muke jin kunyarsa muke ba ajiya, wai don shi ne babba ko mai rufin asiri. Ranar da kuɗi ya yi ƙafa ba mai iya buɗe baki. Ku ba yaro ƙarami wanda kowa zai iya ce masa "kawo littafi" ba tare da an sunkuyar da kai ba, manya su zauna a gefe suna dubawa.

Baban Sadiya (Aboabo, Kumasi):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Ga inda aka kwana.

Na tare Masta a hanyar dawowa, na bari sauran suka sauka, na jero masa tambayoyin Tica. Bai ji haushi ba. Ya ce reshen na waɗanda suka riga suka shiga tun a gida ne, ba su da izinin ɗaukar sabon mutum a nan, ɗan Ghana ko ɗan Filifin. Da na kawo maganar dukan shiga ya yi shiru, sannan ya ce shi an yi masa a zamaninsu, mako guda bai iya zama a kujera ba, kuma da ɗansa ya shiga jami'a shi da kansa ya hana shi shiga kowace ƙungiya. Rantsuwar ya turo min a waya a daren. Na kai wa liman, ɗansa ya fassara masa. Wuri ɗaya ya tsaya, inda aka ce mutum zai tsaya wa ɗan'uwansa a kowane hali. Liman ya ce a tambaye su, har in ɗan'uwan ne ya yi zalunci? Na mayar da tambayar, suka yi ta gardama a kanta a mota har muka wuce Anwiankwanta, kuma ban ga alamar sun daidaita ba. Liman ya ce tunda ba mu za mu yi rantsuwar ba, su zo.

Anti, maganar jini sun karɓa, da na ba su labarin 'yan sakawa dariya har da hawaye. Za su je Komfo Anokye da kansu ƙarshen wata. Shawarar Baba Alhaji ce ta raba su biyu. Masu sauran wata kaɗan a kwangila sun fi son aikin rana ɗaya, Masta da ma'aji suna son koyarwa. An ɗaga hannu, koyarwa ta ci da ƙyar. Za a fara da famfon burtsatsen masallacinmu, yara shida masu koyon fita su tsaya a kai ana kwancewa, in abin ya yi kyau a riƙa yi Asabar ɗaya a wata. Sun ce sai sun sanar da kamfani tukuna don kada a ce suna aiki a waje da takardarsu.

A bes na kawo maganar littafi da canza ma'aji. Ƙanin mai riƙe da kuɗin ya tashi ya kwashe kofunan atayarsa ya tafi, har yau ba ya amsa min sallama. Mutum tara sun ce suna bayana, sauran suna kallon ƙasa. Tica, na san za ka ce a ci gaba da sa ido, ana sawa.

Yanzu abin da ya rage: muna neman rumfa da benci huɗu na ranar Asabar ta biyu ga wata mai kamawa, da mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da zai ɗauko akwatunan kayan aiki daga bakin titi, don motar kamfani ba ta shiga lungunmu. Wanda kuma ya san mai sayar da kayan famfon burtsatse na gaske a Magazin ko Adum, ba jabu ba, ya yi min magana ta akwatin sirri kafin Alhamis.